JIRGIN KAYA A GOMBE: Wa Zai Bi Wa Mai Kaya Hakkinsa?

Duk wanda ya ratsa ta tashar jirgin ƙasa ta Gombe a 'yan shekarun nan, in dai bai san tarihin garin ba, da wuya ya yarda cewa nan ne ƙofar arzikin ƙasar Gombe a da. Dogo yana nan a shimfiɗe, gine-ginen tasha suna nan, amma ba jiniya, ba hayaniyar 'yan dako. Kayan da a da ake jibgewa a nan ana jiran tarago, watau auduga da angurya da gyaɗa da hatsi da shanu, duk sun koma bayan manyan motoci.

In aka tambayi dalili, amsar da aka saba ji ita ce dogo ya tsufa, injuna sun lalace, gwamnati ba ta sa kuɗi ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai wani dalili wanda ba a cika ambatarsa ba, shi ne tun ran da jirgi ya shigo Gombe har ran da ya daina zuwa, mai kaya bai taɓa samun wata hukuma mai zaman kanta wadda zai kai wa kuka in an ɓata masa ba. Wanda ya mallaki jirgin, shi ne mai tafiyar da shi, shi ne mai yanke kuɗin dako, shi ne kuma mai sauraron ƙara.

YADDA JIRGI YA ZO

Jirgin ƙasa ya isa Kano tun 1911, amma sai da Gombe ta jira fiye da shekara hamsin kafin ta ga nata. A cikin 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28 don aikin jiragen ƙasa, wanda shi ne rance na fari da bankin ya ba Nijeriya, aka soma jan layi daga Kuru, kusa da Jos, zuwa Barno. Layin ya isa Bauci a 1961, ya shigo Gombe a 1963 zamanin Sarki Abubakar Umaru, ya bi ta Bajoga ya ƙare a Maiduguri a 1964. Tsawonsa wajen mil 400 ne, watau kimanin kilomita 640, faɗinsa kuwa ƙafa 3 da inci 6 kamar sauran tsohon layin ƙasar.

Ba don fasinja aka ja wannan layi ba, don kaya aka ja shi. A wancan lokaci ƙasar Gombe tana cikin manyan wuraren noman auduga a Arewa. Baƙi sun yi ta kwararowa suna saran daji a kudancin masarautar, garmar shanu ta yaɗu, kamfanin BCGA ya kafa injin gurzar auduga a Gombe da kuma Kumo, har yau ma akwai unguwar da ake kira da sunan kamfanin a cikin gari. Wata Baturiya mai bincike, Mary Tiffen, ta wallafa littafi sukutum a 1976 a kan ƙwazon manoman wannan ƙasa. Kafin zuwan jirgi, sai an ɗora kaya a mota an bi hanya mai wahala zuwa Jos kafin a sami tarago. Da jirgi ya zo, sai dilolin auduga suka riƙa tashi daga Gombe kai tsaye, su bi ta Kafancan, wasu su nufi masaƙun Kaduna, wasu su gangara Fatakwal a sa su a jirgin ruwa.

Abin mamaki shi ne, an gama layin Barno ne a lokacin da dakon kaya a jirgin ƙasa yake kan ganiyarsa a Nijeriya. A 1964 Hukumar Jiragen Ƙasa ta ɗauki kaya kusan tan miliyan 3, da fasinja fiye da miliyan 11. Shekara goma bayan haka, a 1974, kayan sun dawo tan miliyan 1 da 'yan kai, fasinja kuwa miliyan 4 da ɗoriya. Watau Gombe ta shiga biki ne ana gab da watsewa.

Dalilan faɗuwar suna da yawa. Rikicin 1966 ya sa ɗimbin ƙwararrun ma'aikatan jirgi 'yan Gabas suka bar Arewa. Yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar Fatakwal, ya zama tilas kayan Arewa maso Gabas su zaga ta Kaduna zuwa Ikko, kan layin da shi ma ya riga ya cunkushe. Fari na 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka rage amfanin gona. Kuɗin man fetur kuma suka shigo, gwamnati ta zuba su a kan tituna, manyan motoci suka cika ƙasa. To amma fa mota ba ta fi jirgi araha a doguwar tafiya da kaya masu nauyi ba. In an ga ɗan kasuwa ya bar mai araha ya kama mai tsada, akwai abin da ya kore shi.

ABIN DA YA KORI MAI KAYA

Bari mu ɗauki misalin mai hatsi a kasuwar Tudun Hatsi wanda ya tara buhunan wake zai kai Kudu. Abu huɗu yake bukata daga wurin mai dako: ya sami abin ɗaukar kaya ran da ya nema, ya san ran da kayan za su isa, su isa lafiya ba ragi, in kuwa an sami ɓarna a biya shi ba tare da ja-in-ja ba. Direban mota yana iya yi masa alkawarin waɗannan duka, in ya saɓa kuwa akwai shugabannin tasha da 'yan kamasho waɗanda suka san shi, suka san maigidansa, za a zauna a warware maganar kafin la'asar. In abin ya ƙi, gobe sai ya canja mota.

A wajen jirgi ba haka abin yake ba. Mai kaya zai rubuta neman tarago, ya koma gida ya jira. In tarago ya samu aka yi lodi, sai a jira kan jirgi. Layin ɗaya ne tak, jirgi biyu ba sa wuce juna sai a tasha, saboda haka in wani ya lalace ko ya sauka daga kan dogo a gaba, duk na baya sun tsaya ke nan. Ana iya yanke tarago a ajiye shi a Kuru ko Kafancan har sai an sami jirgin da zai ja shi. Shi kuwa wake ba ya jira, ƙwari suna cikinsa suna aiki. Farashi a kasuwar Kudu ba ya jira. Mai shanu ya fi kowa shiga uku, domin kowace rana ta jinkiri nama ne ke zubewa daga jikin dabba. Wanda ya ci bashi ya sayi kayan, shi ma mai bashi ba ya jira.

To, a ce duk wannan ya faru, ina mai kaya zai dosa? Shugaban tasha ma'aikacin Hukuma ne, iyakarsa ya rubuta wa na gaba da shi. Na gaban shi ma ya rubuta wa hedkwata a Ebute Metta, can Ikko. In mutum ya gaji ya kai kuka Ma'aikatar Sufuri, ya je ne wurin uwar Hukumar, wadda ita ke roƙa mata kuɗi, ita ke kāre ta a gaban majalisa. Hausawa sun ce gwano ba ya jin warin jikinsa.

Saura kotu. Dokar 1955 wadda ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta gindaya sharaɗi cewa ba a shigar da ƙarar Hukumar sai an ba ta sanarwa a rubuce wata uku kafin nan, kuma in shekara guda ta wuce bayan aukuwar abin, ƙofa ta rufe. Babban kamfani mai lauyoyi yana iya bin wannan hanya. Amma mai buhu ɗari biyu na wake, wanda jarinsa duka ke cikin tarago ɗaya, ba ya da lokacin nan, ba ya da kuɗin nan. Ko da ya ci nasara ma, abin da kotu za ta ba shi diyya ce ta abin da ya wuce. Ba za ta sa a kawo masa tarago a kan kari a mako mai zuwa ba. Akwai sufeton gwamnati mai duba jiragen ƙasa a Ma'aikatar Sufuri, amma aikinsa lafiyar dogo ne da binciken haɗari, ba ruwansa da waken da ya ruɓe.

Ita dokar kuma ta tsare wa Hukumar fage, ba mai ikon shimfiɗa dogo sai da yardar gwamnatin tarayya. Ba abokin gasa, ba alƙali. Abin da ya rage wa mai kaya shi ne ya kwashe kayansa ya tafi tashar mota, haka kuwa ya yi.

Wannan ciwo ba a Gombe ya soma ba. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda ake sa hotonta a littattafan makaranta ana alfahari, asalinta shaida ce ta gazawar jirgi. Bayan yaƙin duniya na biyu injuna da taragu sun yi ƙaranci, gyaɗar bana ta riƙa tarar da ta bara ba a kwashe ba, dole aka tsiri jera buhuna ana lulluɓe su da tamfol. Sai dai a wancan zamani babban mai kaya shi ne Hukumar Ciniki ta amfanin gona, ita ma ta gwamnati ce, tana da bakin da za ta yi magana a ji. Da aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986, sai wannan babban baki ya tafi, aka bar ɗaiɗaikun 'yan kasuwa kowa da kukansa.

ASHAKA

Babu inda asarar ta fi fitowa fili kamar kamfanin siminti na Ashaka, a ƙasar Funakaye kusa da Bajoga. An kafa shi a 1974, ya soma aiki a 1979, kuma a bakin dogo yake. Siminti shi ne irin kayan da aka yi jirgi dominsa: ga nauyi, ga yawa, ba ya ruɓewa, kullum kuma akwai shi, ba sai kaka ba. Kamfani irin wannan shi kaɗai ya isa ya riƙe layi da rai. Duk da haka simintin Ashaka a bayan tireloli yake fita.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Tirela ɗaya tana ɗaukar buhu 600, watau tan 30. Tarago ɗaya yana ɗaukar kamar haka ko fiye. Jirgi guda mai jan tarago ashirin ya ɗauke wa titi tirela ashirin ke nan, da direba ashirin, da man da za su sha, da ramukan da za su haƙa a hanyar Gombe zuwa Bauci ko ta Biu. Kuɗin nan duka a kan mai sayen buhun siminti suke ƙarewa, da kuma baitulmalin da ke gyaran titi kowace shekara.

GYARA BAYAN GYARA

Ba za a ce gwamnatoci sun naɗe hannu ba. Daga 1979 zuwa 1982 an damƙa tafiyar da Hukumar ga kamfanin RITES na ƙasar Indiya, abubuwa suka ɗan farfaɗo, da suka tafi aka koma gidan jiya. A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta naɗa Samuel Ogbemudia ya riƙe Hukumar shi kaɗai. A 1995 gwamnatin Janar Abacha ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar fiye da dala miliyan 500 don gyaran dogo da sayen injuna da taragu. Zamanin Shugaba Jonathan an sake ba da kwangilar gyaran layin Gabas kashi-kashi, har aka yi bikin tashin jirgin fasinja daga Gombe zuwa Kafancan da Kaduna a 2015, amma rikicin Boko Haram ya hana aiki tsakanin Gombe da Maiduguri, shi kansa jirgin bai daɗe yana zuwa ba. An yi shirin ba kamfanin General Electric na Amurka hayar tsohon layin, kamfanin ya janye a 2018. A watan Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri, mai tsawon kilomita 1,443, amma ya zuwa 2024 yankin da aka gama har jirgi ya hau shi ne Fatakwal zuwa Aba, kilomita 60 da 'yan kai.

Mai karatu zai lura da abu guda a cikin wannan jerin. Kowane gyara na ƙarfe ne, ko na sauya shugaba. Ba wanda ya taɓa matsayin mai kaya a gaban Hukuma.

YADDA WASU SUKA YI

Ƙasashen da suka riga mu shimfiɗa dogo sun sha irin wannan rigima tun da daɗewa. A Ingila an yi doka tun 1854 wadda ta tilasta wa kamfanonin jirgi su karɓi kayan kowa, su ba da hidima gwargwadon hankali, kada su fifita wani a kan wani. A Amurka manoman hatsi ne suka tayar da ƙayar baya saboda kamfanonin jirgi suna tsuga musu kuɗi a garuruwan da layi ɗaya ne kawai, har aka kafa hukumar tarayya mai sa ido a kansu a 1887. Dokokin suka yi tsauri har suka shaƙe kamfanonin, wasu suka karye, sai aka sassauta a 1980 da dokar da ake kira Staggers. A 1996 aka maye gurbin tsohuwar hukumar da wata ƙarama, wadda ake taƙaita sunanta da STB. Amma ko da aka sassauta, ba a soke tushen ba: wajibi ne kamfanin jirgi ya ɗauki kayan wanda ya nema bisa ƙa'ida, in ya gaza kuwa akwai inda za a kai shi.

An ga amfanin haka a shekarar 2022, sa'ad da hidimar jiragen kaya ta tabarbare a Amurka bayan kamfanonin sun rage ma'aikata da yawa. A watan Afrilu hukumar ta kira shugabanninsu gaban jama'a, manoma da masu masana'antu suka zayyana kukansu, aka umarci manyan kamfanonin su kawo shirin gyara, su kuma riƙa kawo rahoton aikinsu a kai a kai. A watan Yuni wani kamfanin kiwon kaji na jihar Kalifoniya, Foster Farms, ya kai ƙara cewa masarar da yake ciyar da miliyoyin kaji ta kusa ƙarewa saboda jiragen Union Pacific ba sa zuwa a kan lokaci. Cikin 'yan kwanaki hukumar ta ba da umarnin gaggawa a ba jiragen masarar fifiko, a kuma riƙa sanar da ita halin da ake ciki kullum.

Ba a ce can aljanna ba ce. A 2024 hukumar ta kafa ƙa'idar da za ta ba mai kaya damar a miƙa taragunsa ga wani kamfani na kusa in nasa ya kāsa cika ma'aunin hidima, kamfanonin suka garzaya kotu, kotun ɗaukaka ƙara ta soke ƙa'idar a 2025. Masu kaya a can suna ƙorafin cewa shari'a a gaban hukumar tana da tsada da jan lokaci. Kuma jiragensu na 'yan kasuwa ne, namu na gwamnati. Sai dai wannan bambanci bai rage bukatar alƙali ba, ƙara ta ya yi, domin ɗan kasuwa ko ba komai yana tsoron asarar ciniki, ma'aikatar gwamnati kuwa albashi yana zuwa ko tarago ya tafi ko bai tafi ba.

INDA AKA KWANA

A Nijeriya an san da wannan giɓi. Tun 1978 aka kafa majalisar kāre masu aika kaya, a 2014 kuma aka ba ta ikon sa ido kan kuɗaɗe da hidima a tashoshin jiragen ruwa, ita ce kuma ke ɗawainiyar tashoshin kaya na tudu irin na Kaduna da Dala a Kano da Funtuwa. Amma ƙarfinta a bakin teku yake. Majalisar Dattawa ta amince da shirin sauya dokar 1955 a cikin 2016, bai zama doka ba. Majalisar Tarayya ta zartar da shirin kafa Hukumar Sufuri ta Ƙasa, wadda za ta zama mai raba gardama tsakanin masu dako da masu kaya, Shugaba Buhari ya ƙi sa masa hannu a 2018.

Babban canjin da aka samu shi ne na watan Maris 2023, sa'ad da aka gyara tsarin mulki aka cire jiragen ƙasa daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Yanzu jiha tana iya yin dokarta ta jirgi a cikin iyakarta. Ga Gombe wannan dama ce, amma ƙarama, gama amfanin jirgin kaya a doguwar tafiya yake, kuma layin da ya haɗa Gombe da teku ya ratsa jihohi da yawa, yana hannun tarayya. Hasali ma in jihohi da kamfanoni suka shigo, bukatar alƙali za ta ƙaru: wa zai yanke kuɗin da jirgin wani zai biya in ya hau dogon wani, wa zai ce jirgin siminti ne zai fara wucewa ko na shanu?

Abin da ya kamata wakilan Gombe a Majalisar Tarayya, da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta jihar, da shugabannin kasuwar hatsi da na kara su nema tun yanzu, kafin a gama dogo, ba shi da yawa. A raba mai tafiyar da jirgi da mai sa masa ido, shi mai sa idon kuma kada ya zama ɗan aiken minista. A buga kuɗin dako a fili, kowa ya san abin da zai biya daga Gombe zuwa Fatakwal. A rubuta kwanakin da za a ba da tarago bayan an nema, da kwanakin tafiya, da diyyar da za a biya in an wuce su. A buɗe ofishin karɓar ƙara a nan Arewa maso Gabas, inda mai kaya zai yi bayani da Hausa ko Fulatanci ba sai da lauya ba, a yanke masa hukunci cikin makonni. A kuma tilasta wa mai jirgi ya riƙa bayyana wa jama'a, wata-wata, taragu nawa aka nema, nawa aka bayar, nawa suka isa a kan kari.

Gwamnatin jiha ta kafa filin masana'antu a Dadin Kowa tana neman masu zuba jari. Duk wanda zai kafa injin casar shinkafa ko matsar man angurya a can, tambayarsa ta fari ita ce ta yaya kayansa za su isa kasuwa, kuma nawa. In an nuna masa sabon dogo, zai sake tambaya: in tarago bai zo ba fa? Mai wake na Tudun Hatsi shi ma tambayar da zai yi ke nan, kuma tirela tana tsaye a bakin kasuwa tana jiransa.